Tumbin Da Don Nicomedes Ya Ƙera

Tun da aka cire wa Don Nicomedes Arrieta maɗaciya a wani asibiti a birnin Cartagena, garin San Blas del Arroyo bai sake samun sakat ba. Mai aski ne, kuma da ma can bakinsa ya fi almakashinsa gudu, sai dai a da surutun bai wuce ƙwallo da siyasa ba. Aka yi rashin sa'a, gadon da aka kwantar da shi yana fuskantar wani ƙaton hoton cikin mutum da ke manne a bango: ga baki, ga maƙogwaro, ga tumbi, ga hanta, ga hanji a nannaɗe kamar igiyar guga. Ba shi da abin kallo sai wannan. Ya kalla har ya haddace, ya ishi likitoci da tambaya, ya dawo gida babu maɗaciya amma da ilimi.

Duk wanda ya zauna a kujerar askinsa, sai an zagaya da shi cikin cikinsa kafin a sake shi.

"Kai a zatonka haƙori ne ke cin abinci?" zai ce, aska na wuyan mutum. "Haƙori ɗan dako ne kawai. Ma'aikatan gaske suna ciki. Wasu sinadarai ne da ido ba ya gani, kowanne da nasa almakashin. Na cikin miyau shi ke yanka rogo da masara. Na cikin tumbi shi ke yanka nama. Hanta ta aiko da ruwan ɗaci ya tarwatsa maiƙo. Akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, ita ma ta turo nata yaran. Sannan hanji ya tsotse amfanin ya miƙa wa jini. Ni ba labari aka ba ni ba. Buɗe ni aka yi."

"Ai barci kake yi lokacin da aka buɗe ka, compa," in ji Eustorgio mai amalanke. Shi ya riƙe 'yar Don Nicomedes ranar baftisma, abin da ya sa suke ce wa juna compa ko compadre, don haka yana da izinin faɗa masa gaskiya, ko da yake ba ta taɓa amfani ba.

"Barcin masani daban ne, compa."

Wata rana da yamma ya iske abokansa suna wasan domino a gindin mangwaro, ya raba musu gurasar rogo, ya ce kowa ya tauna kada ya haɗiye, za su ji ta koma zaƙi. Manyan magidanta masu jikoki suka zauna suna tuƙa kamar shanu, ba mai cewa uffan. Doña Casilda, matar Don Nicomedes, ta zo wucewa da kwandon kifi ta ja birki.

"Wa ya mutu?"

Suka ci gaba da tauna. Can sai Eustorgio ya zaro ido, ya ce da cikakken baki, "Kai! Ta yi zaƙi fa."

Daga nan masifar ta soma. Don Nicomedes ya faɗi gaskiya sau ɗaya, a gaban shaidu.

Ana cikin haka bikin 'yarsa tilo, Yuleidis, ya ƙarato. Za ta auri Wilfrido, ɗan gidan masu shanu na ƙetaren kogi. Yaran suna son juna, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce kakar ango, Doña Eduviges, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya amma ita ke yanke hukunci a kan nama da kuma aure a danginsu. An ce ta taɓa tashi daga wajen wani biki ta kwashe jama'arta har da angon, saboda romo ya yi salam.

Eustorgio ya kawo gudummawar da ta fi ƙarfinsa: tsohon sansa, Janar, wanda ya ja masa amalanke tun Yuleidis na rarrafe. Doña Casilda ta zagaya san, ta danna cinyarsa da yatsa, yatsan ya lanƙwashe.

"Wannan ai tayar mota ce mai ƙaho," ta ce. "Amma mun gode, compadre. Zan tara itace, in dafa shi har ya yi laushi ko ni in mutu."

"Babu mai mutuwa," in ji Don Nicomedes. "Ni zan ƙera tumbi."

"Za ka ƙera me?"

"Tumbi, Casilda. Na waje. Tsohuwar nan ba ta da haƙori. To me zai sa mu wahalar da cikinta? Sai mu yi masa rabin aikin tun daga nan. Nama zai isa bakinta ya narke kamar man shanu. Har a ƙetaren kogi sai an san wane ne surukinsu."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Washegari ya ɗauki bokiti ya shiga gari, domin a cewarsa kowane aikin ciki da miyau yake farawa. A gidan farko matar gidan ta shiga kicin ta fito da ludayi cike da miyar kifi.

"Ba miya na ce ba, maƙwabciya. Miyau."

Ta dube shi, ta dubi bokitin. "Na wa?"

"Naki, da na maigida, da na yara in suna da saura."

Ta rufe ƙofa a hankali, ta sa sakata, da rana tsaka. A gida na biyu wani tsoho ya ce kakarsa takan tauna masara ta yi abin sha, amma bai taɓa ganin ta fita bara da bokiti ba. Kafin ya kai gida na uku labari ya riga shi komawa nasa gidan. Doña Casilda ta tare shi a bakin titi ta karɓe bokitin.

"Nicomedes, in miyan wani ya shiga abincin bikin 'yata, naka zai ƙafe har abada."

"Kina tauye ilimi."

"Wuyanka zan tauye."

Ya haƙura da miyau, ya ce da ma ga nama ba shi da wani muhimmanci. Ya nufi ɗakin shan magani wajen Seño Benilda, nas ɗin garin, ya tambaye ta inda ake samun sinadarin tumbi. Ta ce ba a sayarwa a kanti, amma ɗanyar gwanda da abarba suna da wani mai kama da shi, wanda ke yanka nama ya yi laushi.

"Amma kaɗan ake sawa, Don Nicomedes, kuma na ɗan lokaci, a wuri mai sanyi. In ya daɗe..."

Bai ji sauran ba. Ya riga ya kai bakin ƙofa.

Ya gwada da 'yar tsoka guda daga mahauta. Ya shafa mata farin ruwan ɗanyar gwanda, ya bar ta kaɗan, ya gasa. Ta yi laushi kuwa. Doña Casilda ta ɗanɗana ta gyaɗa kai.

"Kakata ma da ganyen gwanda take naɗe nama."

"Kakarki cikin jahilci take yi. Ni da ilimi nake yi."

Lissafinsa ya tafi daidai kamar layin aski: in kaɗan ya yi kyau, da yawa zai fi, in ɗan lokaci ya yi laushi, kwana da kwanaki sai abin da ido ya gani. Ya bi gari ya kakkaɓe duk wata ɗanyar gwanda da hannunsa ya kai. Ya sauke abarba rabin mota. Ya zauna yana gurzawa da hannu, yana ɗanɗana abarbar don tabbatar da ƙarfinta. Kafin rana ta faɗi tafin hannunsa ya yi jawur ya soma saɓulewa, leɓensa ya kumbura, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Shagon aski ya kwana a rufe, kuma gari ya yi wani irin shiru da mutane suka daɗe ba su ji ba.

"Thinadarin ne," ya gaya wa Eustorgio da kyar, yana ɗaga hannayensa da ke naɗe da tsumma. "Ya ɗauke ni nama."

"Ashe yana da ido," in ji Eustorgio.

Ranar da aka yanka Janar ta zo daidai da ranar da Doña Casilda za ta raka amarya birni gwajin riga, su kwana biyu wajen 'yar'uwarta. Ta bar umarni ɗaya tak: a kai naman firjin mai ƙanƙara. Motarsu na shan kwana, Don Nicomedes ya sa aka juya da naman zuwa bayan gidan Eustorgio.

A can tumbin yake jira. Ƙatuwar shuɗiyar robar ajiye ruwa ce mai murfi. A gindinta ya huda ya soka dogon tiyo, ya nannaɗe shi, ya toshe bakinsa da totuwar masara. Wannan shi ne hanji. Ya zuba Janar ciki gunduwa-gunduwa, ya bi shi da gwanda, da abarba, da ruwan lemun tsami bokiti guda. Sannan ya ɗauko maɗaciyar san ya tsiyaye ta duka a kai.

"Compa, wannan abin fa jefarwa ake yi," in ji Eustorgio.

"Ni da aka cire wa tawa na san darajarta."

Ya rufe murfi, ya ɗaure shi tam da robar tayar babur. Ya ce cikin mutum ɗumi gare shi, don haka a bar shi a rana, a kuma lulluɓa masa bargo. Ya ce cikin mutum motsi yake yi, don haka suka cicciɓi robar suka ɗora ta a ragar lilon Eustorgio, suka riƙa lila ta bi da bi.

A rana ta biyu robar ta fara magana. Da farko ɗan gurnani ne, daga baya ya koma nishi.

"Ka ji ko?" in ji Don Nicomedes. "Cikinsa ke kuka. Alamar lafiya ce."

Karnukan gari suka zo suka yi layi a bakin shinge. Ungulaye suka sauka a kan kwanon gidan, suka zauna da natsuwa kamar dattawan da aka gayyata. Fada, limamin cocin garin, ya biyo ta wurin zai tambayi waƙoƙin da za a rera ranar biki, sai ya hangi abu a lilo lulluɓe da bargo yana nishi, Eustorgio na lila shi fuska a murtuke. Ya cire hula ya rage murya.

"Wa ke kwance haka ba a gaya min ba?"

"Janar ne, Fada," in ji Eustorgio.

"Ba an yanka shi ba?"

"An yanka. Bai dai daina kuka ba."

Fada ya tsaya ya yi ɗan tunani, ya sa wa lilon albarka daga nesa, ya tafi da sauri.

Duk garin ya san abin da ke bayan gidan Eustorgio. Amma da Doña Casilda ta dawo, ba a sami mai ƙarfin halin zama na farkon gaya mata ba. Ta tambayi mijinta nama, ya ce yana shan gwanda, irin na kakarta. Ga kitso, ga furanni, ga baƙi na sauka daga kwalekwale, sai ta bar maganar a haka.

Ranar biki aka fito daga coci aka cika filin gari. An kafa rumfa, an shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan tebura, makaɗa sun gyara zama. Rogo da agade da masara suna tafasa, gawayi ya yi ja yana jiran nama. A kujerar gaba Doña Eduviges ta hakimce cikin farar riga mai leshi, da mafici a hannu, 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta.

"Nicomedes, ina naman?" in ji Doña Casilda ta gefen baki.

"Ga shi nan tafe."

Amalanke ta shigo fili, Eustorgio ne ke ja da kansa, tunda mai jan yana ciki. Bayansa karnuka, samansa inuwar ungulaye. Robar da aka san ta doguwa yanzu ta zama dunƙulalliya kamar ƙwallo, murfinta yana wani siririn fito.

Don Nicomedes ya sa aka tsayar da ita daidai gaban kujerar Doña Eduviges. Ya gyara farin kwat ɗinsa, ya ɗaga hannu makaɗa suka yi shiru.

"'Yan'uwa, surukai, Fada! Tun da aka halicci mutum, cikinsa ke masa bauta ba hutu. Kai kana barci, tumbi na aiki. Kai kana rawa, hanta na aiki. Wa ya taɓa ce musu sannu? Yau a garin nan, a bikin 'yata, cikin kowa zai huta. Aikin baki, an yi. Aikin tumbi, an yi. Aikin hanta, an yi. Naku kawai haɗiya!"

"Abin nan fa motsi yake yi," in ji wani daga dangin ango.

"Ɗoki ne. Doña Eduviges, ke ce babba, ke za ki fara ɗanɗana romon."

Ya ɗauko faranti mai zanen furanni, ya kama bakin tiyon, ya zare totuwar.

Tiyon ya ƙwace daga hannunsa. Ya miƙe tsaye kamar kumurci, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya soma rabon abinci ba tare da bambanci ba. Wani abu ne mai kauri, kalarsa tsakanin toka da ƙasa. Ya ba Fada a ƙirji. Ya ba makaɗa, har cikin bakin ƙaho. Ya bi teburin dangin ango daga wannan kai zuwa wancan, kamar mai karanta sunaye. Don Nicomedes ya yi tsalle ya danne shi da ciki, ya toshe bakinsa da tafin hannu. Iskar da ta rasa hanya ta ƙasa sai ta nemi ta sama. Robar taya ta tsinke, murfi ya tashi ya wuce kan rumfa, abin da ya rage na Janar ya bi bayansa, ya tsaya kaɗan a sama, ya dawo wa jama'a.

Sannan warin ya iso. Karnukan da suka yi kwanaki suna jira suka sunsuna sau ɗaya, suka juya suka tafi gida.

Eustorgio ya leƙa cikin robar. Babu komai sai ƙasusuwa, fari tas kamar an wanke da sabulu.

"Sannu, Janar," ya ce, ya cire hula.

Yuleidis na tsaye, ita kaɗai ce fara a wurin, domin Wilfrido ya tare mata da bayansa. Idanunta sun cika da hawaye, tana kallon kakar mijinta. Kowa ma ita yake kallo.

Doña Eduviges ta ninke maficinta. Ta sa gefensa ta kankare abin da ke kafaɗarta, ta ɗaga shi ta duba da kyau.

"Kai ne uban amarya?"

"Ni ne, Doña." Yana kwance rub da ciki a kan tiyo.

"Ka ce aikin baki an yi, na tumbi an yi, na hanta an yi."

"Har da na hanji, Doña. A ilmance, babu matakin da..."

"To, ɗana, abin da ke fitowa bayan ciki ya gama duk wannan aikin yana da suna. A ƙetaren kogi ba ma zuba shi a faranti."

Wani daga can baya ya yi tari mai kama da dariya. Tsohuwa ta dafa sandarta ta miƙe. Danginta suka miƙe tare da ita, wasu har sun fara laluben jakunkuna.

"Wilfrido!"

"Na'am, Kaka."

"Zo nan da matarka."

Suka matso. Ta dubi Yuleidis tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubanta, sannan ta waiga ta sake duban Don Nicomedes.

"A gidan mutumin nan kika girma?"

"E, Kaka."

"Tun kina jaririya?"

"E."

"Kuma kika fito da hankalinki, har kina koyar da 'ya'yan mutane a makaranta." Ta juya ga jikanta. "Riƙe ta da hannu biyu. Babu abin da zai same mu a gidanmu da zai ba yarinyar nan tsoro." Ta buga sanda a ƙasa. "To, tsayuwar me ake yi? Garin nan babu kaji ne?"

Akwai kaji. Doña Casilda ba ta ko kalli mijinta ba. Ta tattare rigar bikinta ta ɗaure a ƙugu, ta fara ba da umarni. Maƙwabta suka bazu da kayan ado suna bin kaji lungu-lungu. Maza suka kwashi tebura suka koma da su bakin kogi, inda iska ke kaɗawa daga ɗaya ɓangaren. Baƙi suka yi layi a famfon coci suna wanka da tufafinsu, Fada a gaba. Don Nicomedes kuwa aka miƙa masa tsintsiya da bokiti, aka nuna masa filin gari.

Kafin rana ta yi sanyi an sauke romon kaza da rogo da agade. Doña Eduviges ta sha kwano guda, ta miƙa a ƙara mata. Makaɗa suka zazzage ƙahonninsu suka dasa kiɗa.

Da aka zo rawar amarya da mahaifinta, sai aka ga Don Nicomedes tsaye can nesa bayan wata bishiya. Ya yi wanka har ya gaji, ya ari rigar Eustorgio da ta tsaya masa a cibiya, amma duk inda ya matsa mutane sai su tuna suna da abin yi a wani wurin. Yuleidis ta ratsa jama'a ta je har inda yake. Ta zare fure ɗaya daga gashinta ta kara a hanci, ta miƙa masa ɗaya hannun.

Suka fito tsakiyar fili. Idonsa ya yi ja.

"'Yata, ki yi haƙuri."

"Na yi, Baba."

"Amma dai kin gani da idonki, ko ƙashin nan babu tsokar da ta rage a jikinsa. In ana maganar narkewa, a ilmance..."

"Baba, yi shiru ka taka."

Ya yi shiru, ya taka. Ƙafarta ya taka, amma dai ya yi shiru.